Daskarar da ƙwai da ɗan tayi a asibitin haihuwa, yanda abin yake tun daga Garwa har cikin tulun azot

Tunda mata suka ji cewa ina da 'yan tayi a ajiye a kudancin Kamaru, tambayar farko da kowacce take min ita ce, to in an ɗauke kuran fa? Har yayata da ta raka ni sai da ta tambayi likitan haka, dan mu a Garwa mun san abinda ke faruwa da naman kongelatar in wuta ta kwana biyu bata dawo ba. Amsar ita ce tulun da ake ajiyar babu ruwanshi da wuta sam, ko waya ba a jona mishi dan sanyi. Kaman babban filas ɗin shayi ne na ƙarfe, an cika shi da ruwan azot, wanda 'yan Najeriya ke cewa naitirojin, sanyinshi digiri 196 ƙasa da sifili, kongelatar ɗin gida kuwa wajen 18 ne kawai. Abinda tulun ke buƙata shine a dinga ƙara mishi ruwan saboda yana tsiyayewa a iska a hankali, kuma a samu mutum mai amana da ke duba shi. Zan dawo kan wannan a ƙasa dan nan ne ainihin wurin da ya kamata ki sa ido.

Bari na fara da dalilin da yasa ake cewa daskarewar farat ɗaya. Ki sa tumatir a kongelatar ki fito dashi ya narke, kinga yanda yake zama lugub ruwa na zuba? Ruwan cikinshi ne ya zama ƙanƙara mai tsini ya huhhuda shi ta ciki. Ƙwan mace ma haka, shine ƙwayar halitta mafi girma a jikin mutum duk da faɗinshi wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne kawai, kuma yawancinshi ruwa ne. A da ana saukar da sanyin ne a hankali a cikin inji na tsawon awanni, da wannan hanyar aka haifi ɗaya daga cikin jariran farko daga daskararren ɗan tayi a 1984 a Melbon ta Ostireliya, sannan a 1986 aka samu haihuwa daga daskararren ƙwai a can ƙasar dai. Ɗan tayi yana jure wannan hanyar ba laifi, amma ƙwai da yawa mutuwa suke yi. Sabuwar hanyar da likitocinmu ke kira bitirifikasiyon, ana fara tsotse ruwan ƙwan ne kaman yanda ake shanya kilishi, a maye gurbin ruwan da magani mai kare shi, sannan a tsunduma shi cikin azot lokaci ɗaya, sanyin ya kama shi da gudun da ya haura digiri dubu 20 a minti, ƙanƙara bata ma samu damar yin tsini ba sai abin ya sandare sumul kaman alawar suga da ta huce. An haifi jariri na farko daga ƙwan da aka daskarar haka a 1999, wani masani ɗan Japan Masashige Kuwayama ya fito da ɗan tsinken Cryotop da ya sauƙaƙa aikin, a 2012 kuma ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta daina kiran daskarar da ƙwai gwaji. A labo mai hannu yanzu wajen ƙwai 9 cikin 10 suna farfaɗowa, 'yan tayi na kwana biyar ma sun fi haka.

Kafin komai ki yanke: ƙwai ko ɗan tayi

Ba abu ɗaya bane, kuma mutane na haɗa su. Ƙwai naki ne ke kaɗai ba a haɗa shi da maniyyi ba. Ɗan tayi kuwa an riga an haɗa dana mijinki ya fara rarrabuwa. In kina da aure kuma FIV kuke yi, wato dashen nan da ake haɗa ƙwai da maniyyi a labo, wanda Najeriya ke cewa IVF, yawanci ɗan tayi ake ajiyewa dan ya fi juriya kuma an riga an ga wanda ya kama da wanda bai kama ba. Ƙwai zalla ana ajiye ma wadda aka gano tana da kansa za a fara mata kimiyo, wato allurar kansa, ko gashi, dan waɗannan magungunan suna ƙona gidan ƙwai, ko wadda za a yi mata aiki a gidan ƙwan, ko wadda shekaru ke tafiya aure bai zo ba, ko kuma ranar ɗiban ƙwai maigida ya kasa bada nashi ko hanya ta riƙe shi, wannan yana faruwa fiye da yanda kike zato.

Ta fuskar addini bambancin yana da nauyi. Tun 1980 Jadul Haƙ, Muftin Masar na lokacin wanda daga baya ya zama Shehin Azhar, ya bada fatawar halascin dashen matuƙar ƙwan matar ne, maniyyin mijinta ne, auren kuma yana nan. Ma'ana ɗan tayin da kuka ajiye in saki ya shiga ya ƙare ko mijin ya rasu, malaman Sunna basu yarda a dasa shi ba. Kuma kar wani ya ce ai sai a sa ma kishiya ta ɗauka, majalisar fiƙihu ta Makka ta taɓa yarda da hakan a 1984 amma shekara na zagayowa ta janye. Ƙwai zalla kuma Darul Ifta ta Masar ta ce a 2019 ya halatta a ajiye da sharaɗin ba za a haɗa shi da kowa ba sai mijinta a cikin aure, kuma a tsare shi daga cakuɗuwa. Ki zauna da malamin da kika yarda dashi tun kafin allurar farko, ba bayan an cika tulu ba. Kamaru ma ta yi dokarta kan wannan harka a 2022, ki ce asibitin su karanta miki abinda ta ce kan ajiya da wanda ya cancanta.

Sai maganar shekaru, wadda bana son faɗa amma dole. Azot yana tsayar da agogo ne kawai, baya maida shi baya. Ƙwan da aka ɗiba kina 30 zai fito ɗan 30 ko bayan shekara goma, wanda aka ɗiba kina 41 haka zai fito da raunin 41. Ana haifar 'ya mace da ƙwai miliyan 1 zuwa 2, kafin ta balaga sun koma wajen dubu 300 zuwa 400, daga 35 kuma ingancin ke gangarowa da sauri. Shi yasa likitoci ke son kafin 35, kuma ko a lokacin suna son a tara nunannun ƙwai wajen 15 zuwa 20 dan fatan haihuwa ɗaya, wata sai ta yi zagaye biyu ko uku kafin ta kai. Mu matsalarmu a arewa mace zata shekara takwas tsakanin rubutu da sassaƙe da hayaƙi, ba wai na raina ba nima na sha, amma in za a haɗa da awon asibiti tun shekarar farko ko ta biyu da abin ya fi sauƙi.

Awo da zaɓen asibiti

Awon farko da yawa za ki iya yinsu a gida kafin ki kashe kuɗin mota. Akwai na jini da ake kira AMH mai nuna yawan ƙwan da ya rage, ana iya yinshi kowace rana ta wata, in labon garinku baya yi suna aika jinin kudu. Akwai eko, wato hoton ciki, ta ƙasa da ake ƙirga 'yan buhunan ƙwai a farkon al'ada. Sai awon sida wato ƙanjamau, ciwon hanta B da C, da tunjere, ke da maigida duka, shi kuma awon maniyyi bayan ya ƙaurace kwana 2 zuwa 5. Dan Allah maza ku daina gudun wannan awon, kusan rabin matsalar rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki. Ciwon hanta B yana da yawa a yankinmu, in an same ki dashi ba ƙarshen magana bane, ki dai tambaya yanda suke ware ajiyar masu shi. Ku duba jinin sikila ma, in ku biyun AS ne akwai awon da ake ɗiban 'yan ƙwayoyi daga ɗan tayi a duba kafin dasawa, kuma wannan dole sai da daskarewa dan sakamakon yana ɗaukar lokaci, ba kowane asibiti ke yi ba.

Mu 'yan arewa tafiya ce ta kama mu. A Duwala ne aka haifi jaririn FIV na farko a Kamaru a 1998 a hannun Dokta Ernestine Gwet Bell da abokan aikinta, a Yawunde kuma akwai cibiyar gwamnati ta CHRACERH da aka buɗe a 2016. Wasu suna ƙetarawa Najeriya, Abuja ko Legas, 'yan uwanmu na Injamena da Kusuri wasu su gangaro kudu wasu su hau jirgi Tunis ko Alƙahira. Ko ina kika zaɓa, ki tambayi wannan da bakinki: bitirifikasiyon kuke yi ko tsohuwar hanya? A nan labon naku cikin ƙwai goma nawa ke farfaɗowa, ba a littafi ba? Kun taɓa samun haihuwa daga ƙwan da ku da kanku kuka daskarar? Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci in ƙwai zalla za ki ajiye, dan labo zai iya ƙwarewa kan ɗan tayi amma hannunshi bai faɗa kan ƙwai ba, aiki ne na daƙiƙoƙi da yatsun mutum. In likita ya ɓata rai dan kin tambaya to kin samu amsarki.

Kuɗi maganar miliyan ce ta sefa ba ta dubu ba, kuma ki ce a rubuta miki a rarrabe, allurai nawa, ɗiba nawa, daskarewa nawa, ajiyar shekara nawa, narkarwa da dasawa nawa. Ni kuskuren da nayi kenan, na ji jimla ɗaya na ɗauka har da komai, ashe kuɗin ajiya da na dasawa daga baya daban ne, sai da na sayar da 'yan kunnena. Ki ƙara da masauki da abinci na sati biyu zuwa uku, wanda ke da dangi a unguwar Birkiteri ta Yawunde ko New Bell ta Duwala ya huta.

Allurai

Ana farawa yawanci rana ta 2 ko ta 3 da zuwan al'ada, dan haka ki kasance kin isa garin kafin jinin ya zo ko kuma kin shirya tashi ranar da kika ganshi. Daga Garwa tafiyar awanni ce a mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa ya tashi da dare ki waye gari a Yawunde in Allah ya kiyaye, daga Marwa ki ƙara wasu awanni, kinga lissafin a matse yake. Masu kansa su ba a jiran al'ada, ana iya fara musu ko wace rana dan kar a jinkirta kimiyo.

A wata na yau da kullum jiki ƙwai ɗaya yake nunarwa, sauran da suka taso tare dashi su lalace. Allurar tana sa waɗancan su ma su nuna ne, ba wai tana cinye ƙwan gaba bane, wannan tsoron da ake yaɗawa cewa za ki daina al'ada da wuri ba haka bane. Kullum allura a fatar ciki kusa da cibiya, lokaci ɗaya, kwana 10 zuwa 12 galibi. 'Yar siririya ce, rana ta uku na fara yi ma kaina. Wajen rana ta 5 ko 6 sai a ƙara ta biyu mai hana ƙwan fashewa kafin lokaci. Duk bayan kwana biyu ko uku randebu da likita, eko da jini, ana auna buhunan har manyan su kai milimita 17 zuwa 18 ko sama.

Yawancin allurai firigo suke so, digiri 2 zuwa 8, amma kar su daskare. In za ki yi tafiya dasu musamman watan Maris da Afirilu da Garwa ke haura 40, ki sa a kula da ƙanƙara amma ki naɗe su da tawul kar su taɓa ta, kuma kar ki yarda yaron mota ya ɗora kular a saman mota. Ki kwana cikin sange, in zazzaɓi ya kama ki ki kira likitan kafin ki haɗiyi komai, haka jiƙe-jiƙe da kayan mata duk ki ajiye su gefe har a gama. In ana iyawa ki kauce ma watan azumi, dan sati biyun nan suna son shan ruwa sosai.

Sai allurar ƙarshe mai nunarwa, wannan ita ce ba a wasa da ita. Ana ɗiban ƙwai awa 34 zuwa 36 bayanta, in aka ce ƙarfe 9 na dare to 9 ɗin, ba bayan kin gama hira ba. Kika yi da wuri ƙwan na iya zubewa kafin a shiga dake, kika makara a tarar basu nuna ba. Ni na sa ƙararrawa a waya uku har da ta yayata. In kin kuskure lokacin ki faɗi gaskiya, suna iya matsar da aikin.

Ranar ɗiba

Likitoci ponksiyon suke ce ma wannan aikin. Ba ci ba sha tun dare, ba turare ba humra ba man shafawa mai ƙamshi dan ƙwai basa son wannan iskar, ki haƙura na wuni ɗaya. Za a yi miki allurar barci, likita ya bi ta ƙasa da siririyar allura yana kallon eko ya zuƙe ruwan buhunan ɗaya bayan ɗaya, minti 15 zuwa 30, babu yanka babu ɗinki. Bayan awa biyu ko uku ki koma masauki da mai raka ki. Ɗan ciwon mara da ɗigon jini ba komai. Amma in cikinki ya kumbura tam, numfashi na wahala, amai baya tsayawa, fitsari ya ragu, ki koma asibiti a take, gidan ƙwan ne ya wuce gona da iri, ya fi kama masu buhuna da yawa irin masu ciwon gidan ƙwan nan da ake kira PCOS. Saboda wannan kar ki hau motar arewa washegari, ki ba shi kwana huɗu ko biyar a kusa dasu, kar abu ya same ki a gangaren dutsen Ngaundere inda babu wanda ya san me aka yi miki.

Abinda ke faruwa bayan ƙofar labo

Wannan ba za ki gani ba, ni ma sai da na matsa ma mai labon ta zana min a takarda. In ƙwai za a ajiye, cikin kaman awa biyu za su wanke su su cire ƙwayoyin da ke lulluɓe dasu su duba, nunannu kaɗai ake daskararwa. Ana sa ƙwan a ruwan magani na farko wajen minti 12 zuwa 15, zai motse sannan ya dawo ya cika, a cire shi a sa a na biyu mai kauri da suga a ciki, nan kuma bai kamata ya wuce minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba saboda maganin da kanshi guba ne in aka daɗe. Sai a ɗora shi kan bakin ɗan tsinken roba da ɗigon da ido da ƙyar yake gani, a tsoma cikin azot, a rufe, a sa a tulu. Shikenan fa, duk wahalar sati biyun nan ƙarshenta ƙasa da minti 20 ne.

In ɗan tayi ne, ranar za a haɗa da maniyyi, washegari a kira ki a faɗa miki nawa suka kama, a bar su a injin ɗumi. Wasu a daskarar a kwana 3 suna da ƙwayoyi 6 zuwa 8, wasu a kai su kwana 5 ko 6 lokacin sun haura ƙwaya 100, ana ce musu bilastosis. Ki shirya zuciyarki dan lissafin raguwa yake. Ni an ɗebo 14, nunannu 11, 8 suka kama, 4 suka kai kwana biyar. Ranar da aka ce min huɗu nayi kuka kaman an min mutuwa, mai labon tana ta ce min madam wannan sakamako ne mai kyau, daga baya na gane gaskiyarta. Ni ba a dasa min a watan ba ma, duka aka daskarar saboda cikina ya fara kumburi, suka ce mahaifa ta huta tukun.

Kafin ki bar garin ki karɓi takarda mai nuna nawa aka ajiye, na kwana nawa, darajar kowanne, tsinke nawa kuma guda nawa a kan kowane tsinke. Wannan na ƙarshen mutane basa tambaya, alhali in an ɗora biyu a tsinke ɗaya to tare za su narke ko da ɗaya kike so. Ki duba sunanki da ranar haihuwarki harafi harafi. Mu nan Aisatu da Fadimatu da Hawa'u sun cika gari, ga takardunmu wata an rubuta da rubutun Faransa wata yanda aka ji a baki, to sunan da ke kan katin ɗan ƙasa shi za a bi ko ina, kuma ki tambaya ko mutum biyu ne ke shaida duk sanda aka taɓa kayanki. Maganar nasaba ce, bata da gyara in ta ɓaci.

Ajiya

A wannan sanyin komai na rai ya tsaya cak, shekaru basa cin abinda ke ciki. A Amurka an haifi tagwaye a 2022 daga 'yan tayin da aka ajiye tun 1992. Haɗarin yana wajen mutane ne. A watan Maris na 2018 tuluna sun samu matsala a asibitoci biyu a Amurka, ɗaya a Kilibland ɗaya a San Faransisko, dubban ƙwai da 'yan tayi suka lalace, a ƙasar da wuta bata ɗaukewa. To ki tambaya wa ke kawo musu azot kuma duk kwana nawa, wa ke auna tulun ran Lahadi da ranar salla, akwai ƙararrawa mai kiran waya in ruwan ya yi ƙasa, akwai tulun ko ta kwana, in asibitin ya rufe ina za a kai kayan mutane. Wuta kuma inda take da muhimmanci shine injin ɗumin nan na kwana biyar, shi ne za ki tambayi janareta da batir a kanshi.

Ki karanta takardar yarjejeniya da kyau, in Faransancin ya miki nauyi ki tafi da wanda zai fassara miki tsakani da Allah. Me za a yi in kun daina biya, in kun rabu, in ɗayanku ya rasu, shekara nawa aka yarda. In kin canja lamba ki sanar dasu. Ana iya ɗaukar ajiya daga wani asibiti zuwa wani cikin ƙaramin tulu na musamman, amma ba abinda za ki saƙale a jaka ki hau mota bane, asibitocin biyu ne ke shirya shi a tsakaninsu.

Ranar da kika dawo ɗauka

Yanzu mahaifa ake shiryawa, kuma wannan zagayen ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, babu barci babu ɗiba. Ko dai a bi watanki yanda yake in al'adarki na zuwa daidai, ko a baki ƙwayoyin estorojin masu kaurara mahaifa kaman sati biyu har shimfiɗar mahaifa ta kai milimita 7 zuwa 8, sannan a fara forojestaron mai shirya ta karɓar ɗan tayi, ɗan kwana biyar ana dasa shi bayan kin yi wajen kwana biyar kina wannan maganin. Abin daɗin shine in likitanki ya yarda za ki iya yin eko ɗin farko a Garwa ko Marwa ki tura mishi ta WhatsApp, ki sauka kudu kwana kaɗan kafin ranar.

Narkarwa ita ma farat ɗaya ce, daga azot kai tsaye cikin ruwa mai ɗumin jiki digiri 37, minti ɗaya, sannan a bi dashi ruwa ruwa ana rage sugan har ya sha ruwanshi ya dawo, masu labo ma suna cewa saurin narkarwar ya fi saurin daskarewar muhimmanci. Ɗan tayi ana ba shi 'yan awanni a ga ya buɗe sannan a dasa. Ƙwai zalla kuma sai an tsira mishi maniyyi guda ɗaya da allura, abinda ake kira ICSI, dan ɓawonshi yana tauri bayan sanyi, sannan a jira kwana 3 ko 5 ɗin nan kaman kowa. Dasawar minti biyar zuwa goma ce da siririn bututu, da fitsari a mara, idonki biyu.

Za ki so ki ce a sa miki biyu ko uku dan tafiyar da kuɗin, na sani nima na roƙa. Ki saurari likita in ya ce ɗaya. Cikin tagwaye yana zuwa da hawan jini da haihuwar bakwaini, kuma ki tuna a arewa za ki haihu, kwalbar jarirai ba ko ina take ba. Ai amfanin ajiyar kenan, sauran suna nan suna jiranki. Bayan dasawa ba sai kin kwanta kaman mai jinya ba, ɗan tayin baya faɗowa dan kin tashi kin yi alwala, ki dai cigaba da forojestaron ko kin ga ɗigon jini, awon jini na ciki bayan kwana 10 zuwa 14 shine alƙali, ba tsinken farmasi da za ki yi ta gwadawa tun kwana huɗu kina tada hankalinki ba.

Nawa na farko bai zauna ba. Na dawo Garwa ban gaya ma kowa ba sai yayata da maigida, na huta wata uku na sake hawa jirgin Ngaundere, na biyun ne yanzu take rarrafe tana ja min zani. Biyu suna can a tulu kowanne kan tsinkenshi, duk watan Janairu ina tura kuɗin ajiya ta waya in kira mai labon ta turo min hoton rasit, in tambaye ta yaushe rabon da a ƙara azot, tana dariya tana ce min jiya jiya madam. Maigida yana cewa mu koma in yarinyar ta shekara biyu an yaye ta, ni kuma ina lissafin kuɗin jirgi da wanda zan bar ma ita.